Sa'a Ta Fi Sammako? Yadda Ake Rage Wa Sa'a Ƙarfi a Gasar Magajin Gari

Wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Bauchi Road, ko a rumfar masu cajin waya a Terminus ranar da aka rufe gasa, ya san hirar da ake yi. Wanda ya faɗo ƙasa zai ce wasan ne ya tsane shi, bai ba shi aikin kirki ba tun farkon mako. Wanda ya hau sama kuwa zai kurɓi shayinsa ya ce iyawa ce kawai. Duka biyun akwai gaskiya a bakinsu, amma babu wanda ya faɗe ta cikakkiya. Sa'a tana nan a cikin gasar, tana da mazauninta, kuma mazaunin nata ƙanƙane ne fiye da yadda mai shan kaye yake so a yarda. Abin da za mu yi a nan shi ne mu nuna inda take zaune, sannan mu nuna yadda ake matse ta.

Za mu fi tsayawa kan SimCity BuildIt, wasan gina gari na waya wanda kamfanin EA ya fitar a ƙarshen 2014, domin gasarsa ce aka fi yin gardama a kanta. A allon wayar sunanta Contest of Mayors, mu kuwa gasar magajin gari muke ce mata. Mai buga Township na kamfanin Playrix ma zai tsinci abin amfani, don tseren jiragen ruwansu a kan irin wannan tsari yake tafiya, sai dai shi na ƙungiya ne.

Tsarin a taƙaice: ana zuba ka cikin rukuni tare da wasu 'yan wasa, a ba ka jerin ayyuka, kowane aiki da makinsa da wa'adinsa. Aiki ɗaya ake ɗauka a lokaci guda. Akwai iyakar yawan ayyukan da za ka iya ɗauka a gasa ɗaya, kuma aikin da ka fara ya ci gurbinsa, ko ka gama ko ka kasa. Matakai shida ne, daga na unguwa har zuwa Megalopolis, wanda 'yan wasa ke yanke wa suna su ce Mega. Na sama su hau mataki, na ƙasa su sauka, kyautar da ake kwaɗayi kuma ita ce makullan filatinom, waɗanda da su ake sayen gine-ginen da kuɗin gari ba ya saye.

Inda sa'a take zaune

Wuri uku ne. Na farko, rukunin da ka faɗa. Wani mako za a haɗa ka da mutanen da suka buɗe wasan sau biyu suka manta da shi, wani mako kuma da wanda ba ya barci kuma ba ya jin zafin kashe kuɗi. Wannan ba hannunka a ciki. Na biyu, ayyukan da suke fitowa a jerinka. Na uku, ayyukan da su kansu ƙuri'a ce, kamar a ce ka samo kayan faɗaɗa rumbu ko na faɗaɗa fili daga kumfar ra'ayin da ke tasowa a kan gidaje, ko ka dogara da abin da ka tarar a kasuwar duniya, wato kasuwar cikin wasan inda 'yan wasa ke sayar wa juna kaya.

Daga cikin ukun nan, na farko ne kaɗai sa'a tsantsa. Na biyu rabi da rabi ne, domin aiki mai maki da yawa da ya fito wa wanda bai shirya ba, kamar nama ne a gaban marar haƙori. Na uku kuwa zaɓi ne: babu wanda ya tilasta maka ɗaukarsa.

Lissafin da ya kamata ya zauna a kanka

Tunda gurbin ayyuka yana da iyaka, tambayar da ke raba gardama ita ce nawa kowane gurbi ya kawo maka. Ɗauki misali, lambobin na kwatance ne kawai: a ce gurbi 60 gare ka, matsakaicin makin kowane aiki 2,000. Jimilla 120,000 ke nan. Idan ka ɗaga matsakaicin da 200 kacal, ka ƙara 12,000. Yanzu ka kwatanta da abin da ake kira sa'a: aiki ɗaya mai maki 3,000 ya faɗo maka a maimakon mai 2,000, ribar 1,000 ce. Sai sa'a ta yi maka irin wannan alheri sau 12 kafin ta kamo abin da tsabtar zaɓi ta ba ka ba tare da hayaniya ba.

Ta ɗaya gefen kuma, aiki ɗaya da ka fara ka kasa gamawa ya kwashe maka 2,000 cur. Wato kuskure ɗaya yana cinye sa'a biyu. Yawancin waɗanda ke kuka da rashin sa'a, in ka bi diddigi, za ka tarar sun zubar da gurbi uku ko huɗu a makon ta hanyar barci, ko mutuwar batir, ko ɗaukar aikin da kayansa ba su kammala ba. Ba sa lissafa wannan, sai aikin da bai fito ba suke tunawa.

Haka ake auna aikin ƙuri'a ma. A ce aikin samo kayan faɗaɗawa yana da maki 2,400, amma a ganinka cikin gwaji biyu sau ɗaya kake gama irinsa kafin wa'adi. Darajarsa ta gaskiya 1,200 ce. Aikin ƙusa mai maki 1,600 da ka tabbata za ka gama ya fi shi nesa ba kusa ba, duk da lambar da ke jikinsa ta fi ƙanƙanta. Ido yana bin babbar lamba, amma allon sakamako abin da ya shiga kawai ya sani.

Shiri kafin a buɗe gasa

A nan ake cin gasar, kuma a nan za mu daɗe.

Abu na farko da sabon ɗan wasa ba ya lura da shi: aikin sarrafa kaya yana ƙirguwa ne lokacin da ka kwashe kayan, ba lokacin da ka ɗora su ba. Saboda haka kayan da suka gama suna zaune a masana'anta ba a taɓa su ba, maki ne a ajiye. Ka ɗora su tun kafin gasa, ka bar su a wurin, ka kame hannunka. Ranar da aikin ya fito, sai ka fara shi tukuna, sannan ka kwashe. Jerin nan kada ya juye: fara aiki, sannan kwasa. Wanda ya kwashe kafin ya danna fara aiki ya yi asarar awanni, kuma babu gyara. Wannan kuskuren ya fi faruwa da asuba, ido bai gama buɗewa ba, yatsa ya saba shafa masana'antu da zarar an buɗe wasan.

Sai ka san tsawon lokacin kowane kaya, domin shi ne zai gaya maka wanne ya cancanci a ajiye. A masana'anta, ƙarfe minti 1 ne, katako minti 3, roba minti 9, iri minti 20, ma'adini minti 30. Waɗannan ba sa bukatar ajiya, ko aikin ya fito ba shiri za ka iya yinsa kana zaune. Masu jan lokaci su ne sinadarai awa 2, yadi awa 3, sukari da kayan ƙamshi awa 4, gilashi awa 5, abincin dabbobi awa 6, kayan lantarki awa 7. Masana'anta tana dafa duk gurabenta a tare, don haka in kana da masana'anta 8 masu gurbi 5, kaya 40 ne suke fitowa a zagaye guda. Hikimar ita ce kada ka cika dukkansu da abu ɗaya. Ka raba: wasu ga abincin dabbobi, wasu ga gilashi, wasu ga kayan lantarki, ka bar aƙalla biyu a buɗe don ƙananan kayan da shaguna ke ci kullum. Wanda ya cika duka da gilashi yana jiran aikin gilashi ya ɗaure kansa da kansa. In aikin bai fito ba sai ya ce sa'a, alhali shi ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya ya ɗora a kan jaki.

Shaguna dabam suke. Su ɗaya bayan ɗaya suke fitar da kaya, a layi, shi ya sa shago ne maƙogwaron garin, a nan komai ke maƙalewa. Lokutan asali kafin a inganta shago: ƙusa minti 5, bulo minti 20, falanki minti 30, siminti minti 50, gam da fenti awa ɗaya kowanne. Guduma minti 14, tef ɗin awo minti 20, shebur minti 30. Kayan lambu minti 20, buhun fulawa minti 30, naman shanu awa biyu da rabi. Kujera minti 20, tebur minti 30, donat minti 45. Ka rubuta su a takarda ka liƙa a bayan waya in ya kama.

Abin da ke kayar da mutane a shago shi ne sarƙa. Kujera ɗaya tana cin katako 2, ƙusa 1, guduma 1. Idan aiki ya ce kujera 10, ba minti 200 kaɗai za ka lissafa ba, sai ka tambayi kanka ko guduma 10 suna rumbu. In babu, ƙarin minti 140 ne a wani shagon. Donat ya fi haka tsanani: kowane ɗaya yana cin buhun fulawa 1 da sukari 1, shi kuma buhun fulawa yana cin iri 2 da yadi 2. Donat 10 ke nan yana nufin yadi 20 na awa uku, fulawa ta awa biyar a layi, sannan awa bakwai da rabi na donat ɗin kansa. Mai duban makin kawai ya danna, sai wa'adi ya cika yana kan na shida. Don haka abin da ya fi cancanta ya zauna a rumbu shi ne kayan tsakiya, waɗanda ake gina wasu a kansu: ƙusa, guduma, falanki, fulawa, gam, tef.

Ba kaya kaɗai ake ajiyewa ba. Harajin gari ka bar shi ya taru kada ka karɓa. Kayan da ka sayar a rumfar kasuwancinka, ka bar kuɗinsu a akwatunan, don ranar da aikin tara kuɗi ya fito ka kwashe gaba ɗaya. Jirgin ruwan kaya, wanda ke ba da makullin zinariya in an cika shi, ka tanadi abin da yake nema amma kada ka sallame shi sai aikin makullin zinariya ya zo. Haka jiragen saman Faris da Landan da Tokyo. Ka bar gidaje biyu ko uku da kayan ingantarsu a shirye. Kayan hasumiyar Dakta Vu, inda ake sakar wa gari bala'i a wasan, wato batir da rimot da safar hannu, su kasance cikakku don aikin sakin bala'i, ka kuma tuna cewa bala'in da ka saki zai bar kango, gyaran kangon nan kuma wani aiki ne mai maki da makulli. Mai wayo yana sakin bala'i lokacin aikin saki, ya bar kangon a haka har aikin gyara ya fito. Gari zai yi muni na kwana biyu, mutane za su ragu, haraji zai ɗan sauka, amma gasa ba ta duba kyan gari.

Duk wannan yana bukatar rumbu mai faɗi. Idan kana da zaɓi tsakanin faɗaɗa fili da faɗaɗa rumbu, rumbu za ka bi. Kyamara, kwaɗo da sandar ƙarfe, su ne kayan faɗaɗa shi, kuma duk inda ka gan su a kasuwa ka saya, kada ka tsaya ciniki da zuciyarka, domin kafin ka gama tunani wani ya ɗauke. Rumbun da ya cika tsaf shi ma matsala ne, saboda ba zai bar ka ka kwashe kayan da ke masana'anta ba a daidai lokacin da agogon aiki ke tafiya. Kafin ka fara aikin kwasar kaya 30, tabbatar akwai wurin 30, ko kuma akwatunan rumfarka a buɗe suke don ka tura rarar.

Hawan mataki da gaggawa

Wani abu da ke kama da rashin sa'a alhali shuka ce ta watannin baya shi ne saurin hawa matakin gari, wanda dabam yake da matakin gasa. Inganta gidaje ne ke ɗaga matakinka, kowane sabon mataki kuma yana buɗe sababbin kaya. Da zarar an buɗe kaya, gidaje da jirage da gasar kanta za su fara nemansa. Mai gari a mataki na sama wanda rumbunsa ƙarami ne yana fama da nau'in kaya da yawa a wuri kaɗan, kasuwar duniya ma ta cika masa da tarkacen da ba ya nema. Shi ya sa gogaggu da yawa suke yada zango a mataki ɗaya na tsawon lokaci, su daina inganta gidaje sai in aikin gasa ya nema, su tara kuɗi, su faɗaɗa rumbu, su ƙara guraben shaguna. A ganinmu wannan ita ce shawara mafi tsada da za a bai wa sabon ɗan wasa, kuma ita ce aka fi ƙin ji, don kowa na son ganin dogayen benaye.

Zaɓen aiki a cikin gasa

Ka'idar farko mai sauƙi ce: ɗauki mafi maki daga cikin waɗanda ka tabbata za ka gama. Kalmar tabbata ce ke da nauyi. Kafin ka danna, tambayoyi uku: kayan suna hannu? lokacin ya isa har da rara? zan kasance kusa da waya sa'ad da zai ƙare? In ɗaya ta zo da a'a, duba na ƙasa da shi.

Jerin ayyuka yana sauyawa yayin da kake gamawa, saboda haka wani lokaci dole ka yi ƙaramin aiki don jerin ya motsa. Wannan ba asara ba ce matuƙar ka san nawa ka ware masa. Ka sa wa kanka ƙasan da ba ka sauka ƙasa da shi sai da dalili. A ce matsakaicin da kake nema 2,000 ne, to duk aikin da bai kai 1,500 ba bashi ne ka ci, sai ka nemo babba ya biya. Biyu ko uku a gasa ba komai. Goma kuwa, ka riga ka fita daga sahun gaba ko da me ya fito daga baya.

Idan jerin ya cika da ayyukan da ba ka so kuma ba ka taɓa yi, laifin sau da yawa naka ne. Aikin da kake gudu yana zama ya tare wuri. Wanda ba ya shiga yaƙin kulob, wato yaƙi tsakanin ƙungiyoyin 'yan wasa, zai ga ayyukan yaƙi suna zaune masa a jeri, wanda ya buɗe filin jirgin sama amma ba ya tanadin kayansa zai ga ayyukan jirgi sun yi masa katutu. Maganin shi ne ko dai ka koyi yin su, ko ka yi tunani sau biyu kafin ka buɗe sabon sashe na wasan da ba ka da ƙarfin ciyar da shi.

A Township kuwa allon ayyuka na ƙungiya ne, ana iya zubar da aikin da ba a so a jira wani ya maye gurbinsa. A can iyawa ta koma hannun shugabannin ƙungiya: su riƙa share ƙananan ayyuka da wuri, su kuma hana kowa ɗaukar abin da bai kai adadin da aka yi yarjejeniya a kai ba. Ƙungiyar da ba ta da wannan doka za ta yi ta zargin sa'a har abada.

Daidaita wasa da agogon rana

Ba sai ka hana kanka barci ba. Ka ɗora tsarin a kan lokutan da dama kake tashi. Daga bayan isha'i zuwa asuba akwai kusan awa tara, wanda ya ishi kayan lantarki, abincin dabbobi ko gilashi, kuma ya ishi layin shago mai tsawo kamar naman shanu. Daga asuba zuwa hantsi ka sa yadi ko sukari. Tsakanin azahar da la'asar sinadarai sun dace. Ƙananan kaya na minti ɗaya zuwa talatin ka bar su ga lokacin da kake zaune, a cikin Keke Napep daga Farin Gada zuwa cikin gari, ko bayan magariba. Aikin da za ka kwana a kansa ya zama mai dogon wa'adi. Kada ka fara aiki mai gajeren wa'adi da ƙarfe sha ɗaya na dare kana cewa za ka farka da ƙarfe biyu. Sanyin Jos a watan Janairu ba ya barin mutum ya fito daga bargo saboda kujerun cikin waya.

Alamomin ƙara gudu da ake samu daga manyan ayyukan gini na awa 24 su ne makamin ranar ƙarshe. Ta kunkuru tana ninka gudun shago sau 2, ta lama sau 4, ta damisar gudu sau 12, kowacce na tsawon awa guda. Da ta damisa, awa ɗaya tana yin aikin awa 12, wato donat 16 a lokacin asali. Amma fa sai fulawa 16 da sukari 16 suna hannu, kuma sai kana zaune kana cika layin duk bayan 'yan mintoci. Wanda ya kunna ta sannan ya tafi neman kayan haɗi a kasuwa ya ƙona ta a banza. Tara kayan haɗi tukuna, fara aikin gasar, sannan ka kunna.

Ranar ƙarshe

Kada ka yarda da allon sakamako na tsakiyar gasa. Akwai masu ɓoye ƙarfinsu, su bar ayyuka da yawa sai awannin ƙarshe su zubo su. Ka duba agogon da ke ƙirga lokacin rufewa ka mayar da shi ƙarfe nawa ne a nan, ka rubuta. Ka tsara yadda za ka gama gurabenka duka aƙalla awa biyu kafin rufewa. Gurbin da ya rage ba a yi amfani da shi ba sifili ne, ya fi kowane ƙaramin aiki muni, don haka in lokaci ya ƙure ka manta da ƙasan da ka sa wa kanka, ka kwashi duk abin da za ka iya gamawa da sauri.

Wasu suna jinkirta shiga gasar da fatan a haɗa su da marasa zafi. Wannan caca ce da lokaci: abin da za ka samu ba tabbas, awannin da ka zubar kuwa tabbas ne. In shirinka ya cika har za ka iya gama gurabenka cikin ɗan lokaci, gwada ka gani. In bai cika ba, shiga da wuri.

In kuma ka ga mutum ɗaya ya yi wa rukunin fintinkau tun rana ta biyu, kada ka bi shi da kuɗi. Ka duba matsayin ƙarshe da ake hawa mataki da shi, ko wanda ke tsare ka daga sauka, ka nufi wannan. Alamomin gudu da kayan Vu da ka adana a irin wannan mako su ne za su ci maka mako mai sauƙi da ke tafe. Sanin makon da za a ja da wanda za a saki shi ma iyawa ce, ko da yake a bencin mai shayi ba a yaba masa.

Wuta, batir da netwok

A Jos rabin rashin sa'ar da ake faɗa ɗauke wuta ne. Wasan yana cin batir sosai, sanyin hunturu kuma yana sa batir ya nuna kashi talatin sannan ya mutu ba sallama. Kada ka bar waya a bakin taga da dare, ka sa ta inda akwai ɗumi. Fawa bank mai lamba 10,000 ba ya cika waya mai batir 5,000 sau biyu, saboda wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, ka lissafa sau ɗaya da ɗan ƙari. Ka cika shi kwana ɗaya kafin ranar rufewa. In za ka kai waya wurin masu caji, ka kai ta lokacin da dogon aiki ke dahuwa, ba lokacin da wa'adi ya kusa ba.

Ana iya gina gari ba intanet, amma kasuwar duniya da gasa suna bukatarsa. Bayan ka gama aiki, ka tsaya ka ga makin ya hau allon sakamako kafin ka rufe. Lokacin ruwan Agusta netwok yakan yi rawa, don haka layi na biyu na wani kamfani dabam da ɗan data a ciki ya fi alamar damisa amfani a daren ƙarshe. Ka kuma haɗa garinka da asusun Google ko Facebook ko Apple tun yau, domin wayar da ta faɗa ruwa ko aka zare a kasuwa tana tafiya da garin da ba a haɗa ba. Manhajojin da ake turawa a WhatsApp da alkawarin kuɗin wasa marar iyaka kuwa, ka nisance su: ko a rufe maka asusu, ko su kwashi abin da ke cikin wayarka.

Maganar kuɗi

SimCash, wato kuɗin cikin wasan da ake iya saye da kuɗin gaske, yana sayen lokaci, ba ya sayen tsari. Mai kuɗin da ba shi da lissafi zai doke marar kuɗin da ba shi da lissafi, amma sau da yawa mai shiri yana wuce shi. In ka tara SimCash na kyauta, wuri mafi riba da za ka sa shi shi ne ƙara guraben layi a shagunan da ka fi amfani da su, da akwatunan rumfar kasuwanci, don wannan yana yi maka aiki kowane mako. Kashe shi wajen gaggauta kaya ɗaya kamar sayen ruwan leda ne a cika tanki.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani a duk wasannin waya. Sayen abin da ka san mene ne ciniki ne. Biyan kuɗi don buɗe akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba wani abu ne dabam, kuma ba a nan kaɗai ake yi masa kallon caca ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna na kuɗi caca ne. Apple tun ƙarshen 2017, Google kuma a 2019, sun wajabta wa masu manhaja su bayyana yiwuwar samun kowane abu kafin a saya. In ka ga irin wannan tayi, nemi inda aka rubuta kason ka karanta. In yara na taɓa wayar, ka sa kalmar sirri a kan kowane saye.

Littafin da zai raba maka gardama

Gasa ɗaya ba ta nuna komai. Ka samu ƙaramin littafi, ko shafi a waya, bayan kowace gasa ka rubuta abu shida: matakin da kake, ayyuka nawa ka gama, nawa ka zubar, jimillar maki, matsayinka, da makin wanda ya zo na ɗaya. Ka raba jimilla da yawan gurabe ka fitar da matsakaici. Bayan gasa shida zuwa takwas ka jera su ka duba. Idan matsakaicinka yana nan kusan wuri ɗaya amma matsayinka yana hawa da sauka, rukuni ne ke sauyawa, wannan sa'a ce, ka bar ta. Idan matsakaicin ne da kansa ke tsalle, yau 2,100 gobe 1,600, to ka koma layin ayyukan da ka zubar, ka rubuta dalili a gefen kowanne: barci, batir, fulawa ta ƙare, rumbu ya cika. Dalilin da ya fito sau uku, shi za ka fara gyarawa kafin a buɗe gasa ta gaba.